Fure a Kowane Wata: Gwanayen Lambun Tsakar Gida

Furen kabewa ba ya cika yini guda a duniya. Da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya yi yaushi ya tsuke baki, shi ke nan an gama da shi. Kuma iri biyu ne a yaɗo ɗaya. Akwai namiji mai dogon wuya siriri, akwai mace wadda tun kafin ta buɗe take goye da 'yar mitsitsiyar kabewa a ƙarƙashinta. Idan a cikin 'yan sa'o'in nan na safiya wani ƙwaro bai kutsa cikin namijin ya yi buɗu-buɗu da garin fure ya kai wa macen ba, 'yar kabewar sai ta yi ɗorawa ta faɗi. Shi ya sa za ka ji mace a Kano ko Damagaram tana cewa, “Ni dai kabewata yaɗo kawai take yi, ga ganye ga fure, amma ta ƙi riƙe 'ya'ya.” A ɗora wa taki laifi, a ɗora wa iri, wani lokaci har a ce bakin mutane ne. Sau da yawa kuwa ɗan aiken ne babu.

Amma a unguwar nan, watakila katanga uku ce tsakani, akwai gidan da kabewa ke hawa rumfa ta yi 'ya'ya har a aika wa maƙwabta. Ƙasar ɗaya ce, ruwan ɗaya, ranar da ke dukan wancan gida ita ke dukan wannan. Abin da ya raba su shi ne a gida na biyu akwai wani, galibi ma wata, da ta san shuka ba ta rayuwa ita kaɗai. Ta shuka wa kanta kayan miya, ta kuma shuka wa masu kai mata ziyara abin da zai sa gobe su dawo. A ganina wannan na cikin gwanintar da aka fi rainawa a biranenmu, don ba ta da shago, ba ta da sarkin sana'a, kayan aikinta kuwa tsohon bokitin fenti ne da buhun siminti da aka wanke.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya ga kabewa. Rahoton da kwamitin masana halittu na duniya, IPBES, ya fitar a 2016 ya nuna fiye da kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na cin moriyar ƙwari da tsuntsaye da jemagu kafin su yi 'ya'ya. Gero da dawa da masara da shinkafa ba ruwansu, iska ce ke yi musu wannan aiki ko su yi wa kansu. Ke nan ranar da ƙwarin suka ɓace za a samu tuwo, miyar ce za ta shiga uku, tare da duk abin da ake taɓa baki da shi: kankana, gurji, agushi, riɗi, mangwaro, ƙadanya. Ita kanta kuka, farin furenta da dare yake buɗewa, jemage ne babban baƙonta. Ɗorawar da muke samun daddawa ma jemage da zuma ne ke yi mata hidima.

Da an ce zuma, tunaninmu kan tafi ga mai amya, mai zaƙi da harbi. Alhali dangin zuma a duniya sun kai nau'i 20,000, kuma mafi yawansu ba sa tara zuma, ba su da sarauniya, ba sa zaman taro. Uwa ɗaya ce ke haƙa raminta, ta dunƙula garin fure, ta saka ƙwai a kai, ta toshe, ta kama gabanta. Kimanin kashi 70 cikin ɗari a cikin ƙasa suke gida, sauran a busasshen itace ko cikin kara. Duk wanda ya fahimci wannan zai ga cewa gidan Bahaushe na da, ba tare da an yi niyya ba, masauki ne a gare su: katangar ƙasa mai ƙananan ramuka, azara, dangar kara, tsakar gida ta turɓaya, lalle a bayan ɗaki, cediya ko ɗurumi a ƙofar gida. Yanzu bulo ne da filasta, an malale tsakar gida da siminti ko an shimfiɗa intalok tun daga zaure har bakin banɗaki. Ba na zargin kowa. Wanda ya taɓa kwasar taɓo a damina ko kunama ta harbi ɗansa ya san dalilin simintin. Gwanin da nake yabo a cikin wannan simintin yake aikinsa.

Ko ɗan wuri zai yi wani tasiri? Wata masaniyar ƙwari 'yar Ingila, Jennifer Owen, wadda ta taɓa koyarwa a Yuganda da Saliyo, ta shafe shekara 30, daga 1972 zuwa 2001, tana ƙidayar duk abin da ya rayu ko ya ratsa ta lambun gidanta a birnin Lesta. Lambun murabba'in mita 741 ne, bai kai fuloti biyu na ƙafa 50 da 100 ba, kuma lambun gida ne mai kabeji da fulawa da wurin shanya. Ta lissafa nau'in halitta 2,673, kusan 2,000 daga ciki ƙwari ne, har da wasu 'yan ƙananan dangin rina da masana ba su taɓa sanin da su ba. Za a iya cewa ai nata filin babba ne. To, masu bincike a birnin Shafil sun bi lambuna 61 manya da ƙanana, suka tarar ƙanƙantar lambu ba ta cika rage yawan ƙwarinsa ba, abin da aka shuka da abin da ke kewaye sun fi girman wurin tasiri. Wani binciken da aka buga a 2021 kan wasu biranen Birtaniya ya gano kusan kashi 85 cikin ɗari na ruwan zaƙin fure da ƙwari ke samu a cikin birni daga lambunan gidajen mutane yake fitowa. Ba filayen hukuma ne ke ciyar da su ba.

Gwani ba ya farawa da sayen iri. Da kallon rana yake farawa. Zai yi kwanaki yana lura da inda hantsi ke sauka, inda inuwar katanga ke kaiwa da la'asar, da lungun da iskar hunturu ke bugawa. Duk abin da ake so ya yi fure ya yi 'ya'ya yana son rana ta kamar sa'a shida, amma gindin katangar da ranar yamma ke gasawa a watan Afrilu sai zogale ko lalle, ɗanyen tsiro ba zai kai labari ba. Na'ana'a ita ce ta gefen randa, inda inuwa da danshi suke. In ƙasa ta ƙare sai a hau sama: igiya huɗu daga bakin buhu zuwa indararo ta ishi soso ko wake ya rufe bango guda. Haɗin ƙasa kuwa ba asiri ba ne, ƙasar gona da ɗan yashi da kashin awaki da ya kwana biyu ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. A huda gindin bokiti, a rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don kada rana ta shanye ruwan. Mai hawa da buhuna kan rufin bene ya tuna jiƙaƙƙiyar ƙasa na da nauyi, a jera su ta gefen bango. Sai maganin akuya, wanda har yau ba a samo wanda ya fi ƙyaure mai sakata ba.

Duk wannan mai lambu na gari ya sani. Inda gwanin ƙwari ya yi masa fintinkau shi ne lissafin watanni.

A damina kowa gwani ne. Kuɓewa na fure, rama na fure, tafasa da lalo da gasaya sun fito da kansu a kowane kango, ƙwaro ba ya rasa abin kai wa baki. Da kaka yakuwa da riɗi da magarya su karɓa. Jarrabawar tana tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar ruwan farko, wato daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta ƙone ƙurmus, zafi ya haura digiri 40, hudar mangwaro ta wuce, darbejiyar bakin titi ta yi nata ƙamshin na 'yan makonni ta gama. Ƙwaron da bai sami abinci a wannan tsakanin ba, ba zai kai damina ba balle ya yi wa kabewar kowa aiki. Don haka gwanar takan tambayi kanta tambaya guda: a wata kaza, me zai kasance da fure a gidan nan? In amsar babu ce, sai ta nemi abin da zai cike gurbin.

Zogale ne ginshiƙinta, don yana huda a tsakiyar rani in yana ɗan samun ruwa. Sai dai mai son ganye kullum cikin sare kansa take, wanda ake sarewa kuwa ba ya samun sukunin fure. Dabarar ita ce a yi guda biyu, ana tsinkar ɗaya don kwaɗo, an bar ɗayan ya yi huda, bayan wata biyu ko uku a juya. Haka ɗaɗɗoya. Mai miya na tsinke kanta don ta yi ganye, gwanar kuma takan bar tushe ɗaya cikin huɗu ko biyar ya yi tsiri ya fitar da 'yan fararen furanninsa, kuma ka je da hantsi ka ga yadda galla da sauran ƙananan zuma ke rububi a kai. Albasar da ta tsiro a kwando ba a yar da ita, a dasa ta a gwangwani ta fitar da farin tulluwar furenta a ƙarshen sanyi. Karas ma haka. Kuɓewa ba a zuba irinta rana ɗaya, a shuka buhu biyu yau, bayan mako uku a ƙara biyu, fure ya riƙa bin fure. Kuma ba ta warwatsa su ɗaya nan ɗaya can. Zuma in ta fita kiwo takan lizimci fure iri ɗaya har ta koma, don haka tushe biyar a haɗe sun fi goma a rarrabe jan hankalinta.

Akwai wani abu da nake so mai karatu ya je ya gani da idonsa, a jikin gauta ko tumatir. Furen waɗannan ba ya barin garinsa a fili, a cikin wasu 'yan bututu yake ɓoye shi masu ƙaramar kafa a baki. Zumar amya ba ta iya fitar da shi. Sai irin su babban baƙin ƙwaron nan mai ƙugi, wanda ke huda azara, wani da ratsin ɗorawa a gadon baya, shi ma dangin zuma ne. Zai zo ya rungumi furen ta ƙasa har reshen ya sunkuya, ya tsayar da fukafukansa, ya girgiza ƙirjinsa. Za ka ji muryar ƙuginsa ta canza ta koma siririya, garin ya tsiyayo masa a ciki. Daƙiƙa biyu ya gama ya wuce na gaba. Tumatir na iya yin 'ya'ya da kaɗawar iska kawai, amma wanda ƙwaron nan ya girgiza ya fi yawan 'ya'ya da cika. Wannan ne ƙwaron da yara ke bi da takalmi. Gwanar ta san furen soso da na tafasa da na zogale ne abin sonsa, don haka kusa da gautarta za ka tarar da soso.

Akwai kuma ma'aikatan dare. Furen duma fari ne, da magariba yake buɗewa, daidai lokacin da na soso ya rufe. Shi da furen gwanda baƙinsu ɗaya ne, wato manyan malam-buɗe-littafin dare masu dogon harshe, waɗanda ke tsayawa cak a iska suna zuƙa. Ƙwan lantarkin da ake bari a kunne har safe a tsakar gida yana ruɗa su su yi ta kewaya shi har su gaji. In tsaro ya sa dole a bar fitila, a juya ta ta kalli ƙofa, a bar gefen shuka da duhunsa.

A nan zan faɗi abin da masu sayar da fulawa a bakin titi ba za su so ji ba. Yawancin abin da ake ƙawata sababbin gidaje da shi ba ya ciyar da komai. Furen da aka yi ta gyara irinsa har ya zama ninki a kan ninki, ƙwaro ba ya samun ƙofar shiga, wani ma ba shi da ruwan zaƙin sam. Shingen da ake aske wa kai duk mako ba ya kai ga fure. Ciyawar roba kuwa ba ta cancanci a ɓata mata tawada ba. Tushen lalle guda da aka bari ya yi huda ya fi su duka, ga ƙamshi da yamma, ga na ƙunshi ranar biki.

Ruwa shi ne abin da ke kashe gwiwar mutane, musamman inda ake sayen jarka a wurin 'yan garuwa. Gwanar ba ta sayen ruwa don shuka. A bakin buhun ake alwala. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk can suke tafiya. Wanda ba ta yarda ya kusanci shuka ba shi ne ruwan omo da na bilic, don a hankali gishirinsu ke kashe ƙasa. Wasu kan binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar kwami, su cika shi su rufe baki, ya riƙa tsattsafo wa saiwa kaɗan-kaɗan na kwanaki. Su ma ƙwarin suna jin ƙishirwa, shi ya sa a bazara ake ganin zuma na dafifi a bakin famfo. Kasko marar zurfi da tsakuwa a ciki, yadda za su sauka ba su nutse ba, ya wadatar. Amma a ƙasar zazzaɓin cizon sauro wannan kasko amana ne. Sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda ko kwana goma, don haka duk bayan kwana biyu a zubar, a goge, a sake. Wanda ya san ba zai iya ba gara kada ya ajiye.

Masauki bai da wuya. A yanka kara ko siririn gora tsawon taƙi, a bar gaɓa ta toshe ƙarshe ɗaya, a ɗaure su dami a rataye ƙarƙashin rumfa inda ruwa da ranar tsaka ba sa kaiwa. Ko a sami busasshen gungume a huda shi da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10. Ranar da ka ga an toshe bakin wani rami da laka ko da ganye, an yi baƙi. Idan kuma ka ga an yanke gefen ganyen shukarka an fitar da da'ira sumul, ba ɓarna ba ce, wata uwar zuma ce ta ɗiba za ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa, ganyen kuma ba abin da zai same shi. A bar lungu guda na ƙasa ba siminti, ba a tona shi, ba a kwarara masa ruwa.

Amya fa? A cikin cunkoson gari, a'a. Zumarmu ta Afirka ta Yamma tana da zafin rai, ga yara, ga dabbobi a ɗaure da ba su da hanyar gudu. Ko a Landan, inda kafa amya a kan benaye ya zama yayi, masana sun yi gargaɗin cewa amyoyin sun fi ƙarfin furen da ke akwai, suna ƙwace abincin ƙananan zumar daji. Birni fure yake nema, masu ci suna nan.

Mafi wuyar sashen wannan gwaninta shi ne riƙe hannu. An tashe mu a kan cewa ƙwaro abin kashewa ne, tsakar gida kuma sai ta yi fes. Gwanar za ta ga wani abu a ganyen lemun tsaminta kamar kashin tsuntsu, ta duba da kyau ta ga yana motsi. Ta san tsutsa ce, nan da 'yan kwanaki za ta koma kore shar, daga baya ta zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗige-ɗigen ɗorawa. In bishiyar ta yi ƙarfi sai ta bar mata ganye goma, in dashe ne ƙarami ta ɗauke ta da tsinke ta mayar kan babba. Darɓa ta kama wake, ba ta rugawa neman feshi. Takan ba shi kwana uku ta ga ko jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo zai zo, ko tsutsar ƙudan nan mai kama da zuma, don su biyun darɓa ce abincinsu. Zanzaro ya yi ginin laka a bango, ta san cike yake da tsutsotsi ko gizo-gizo da ya kamo wa 'ya'yansa. Ƙadangare da tsaka da ƙoƙi-ƙoƙi duk ma'aikata ne da ba a biyan su. In abin ya faskara, sai ta daka 'ya'yan darbejiya ta jiƙa su kwana, ta tace ta yayyafa bayan magariba lokacin da zuma ta koma, kuma ba a kan fure ba. Fiya-fiya dai ba ya shiga lambunta, don ba ya tambayar ƙwaro sunansa kafin ya kashe, ga shi ganyen nan cikin tukunya zai ƙare. Tarayyar Turai ma a 2018 ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a fili saboda illarsu ga zuma, bayan wani bincike a Jamus ya nuna a 2017 cewa ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a shekara 27, a wuraren da ake karewa ma.

Gida ɗaya ba ya riƙe ƙwarin nan. Zumar amya na iya tafiyar kilomitoci neman abinci, amma ƙananan nan masu zaman kaɗaici 'yan ɗaruruwan mita ne iyakarsu. Idan daga wannan lambu zuwa na gaba akwai nisan da ya fi haka na kwano da kwalta zalla, to an yanke su. Abin da ya sa birnin Oslo na Norwe ya fara jera wuraren fure a kan rufi da baranda daga wannan gefen gari zuwa wancan a 2015 ke nan, birnin Utrecht na Holan kuma ya shuka tsirrai a kan rumfunan jiran bas 316 a 2019. Mu ba sai mun jira hukuma ta zana taswira ba, hanyar tana nan tun tuni. Ita ce yarinyar da ake aikowa da sallama: “Wai in ji Umma, don Allah Inna ki sam mata irin ɗaɗɗoyar nan taki.” Gwanar ba ta hanawa. Ta bar kuɓewa biyu sun bushe a jikin uwarsu tun kaka, ta ajiye irin a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari, zogale kuwa reshe kawai za ta sara ta ce a kafa shi a jiƙa. Mai zaman haya da ke cewa ba zai shuka a gidan wani ba, shi ma an ba shi amsa: buhu da bokiti ba su da saiwa a ƙasar mai gida, ranar tashi a ɗora su a kura tare da katifa.